Dala ko tamma? A rubuta wa masu haɗa manhaja bayani yadda za su gane

Ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 2025 ne babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, wato BCEAO, ya ƙaddamar da wani sabon tsarin biyan kuɗi nan take a birnin Dakar, wanda ya raɗa wa suna PI-SPI. Manufar tsarin ita ce mai ajiya a banki ya iya tura wa mai ajiya a salula kuɗi, shi kuma na salula ya tura wa na asusun ajiya da bashi, cikin ƴan daƙiƙoƙi, dare ko rana, a ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA wadda Nijar ke cikinta duk da ficewarta daga CEDEAO a watan Janairun 2025. Ko shakka babu labari ne mai daɗin ji, musamman ga yanki irin namu da albasarsa ke tafiya Abijan da Akara da Kumashi, ƴaƴansa kuma ke can bakin teku suna aiko wa iyaye kuɗin hatsi.

Sai dai mu mutanen Ƙonni mun san wani abu game da babbar hanyar ruwa. Ruwan da ake tarawa a madatsun Mozage da Zango yana biyo kanal ya zo Cerasa, kuma an kashe maƙudan kuɗi wajen gyaran fadamar bayan yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Amma babu manomin da ya taɓa shayar da shukarsa daga bakin madatsa. Sai an ja ƙananan magudanai har bakin fangali, sai kuma an samu wanda ya san ƙofar da zai buɗe da lokacin buɗe ta. Kuɗin waya ma haka yake. Babban banki ya gina kanal, bankuna da kamfanonin salula da na aika kuɗi suna da nasu, amma wanda zai jawo ruwan ya kai shi littafin ƙungiyar manoman albasa ta Galmi, ko ga mai sayar da siminti a Malbaza, ko ga makarantar da ke karɓar kuɗin ɗalibai a Illela, shi ne matashin nan mai rubuta manhaja. Shi kuwa abin da ya fi tsaya masa a wuya yau, bayan tsadar intanet da ɗaukewar wuta, takarda ce.

Bari mu yi wa mai karatu bayani, don maganar ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Kowa ya san tagar nan ta gidajen aika kuɗi da muke ce wa gishe. Ka miƙa katin shaidarka, ka faɗi sunan wanda za a bai wa da garinsa da lambar wayarsa da adadin kuɗin, a ba ka resi. In ka rage ɗaya a ciki a mayar da kai baya. To manhajoji ma suna da irin wannan taga a tsakaninsu, masana na kiranta API. Ta nan manhajar ɗan kasuwa ke miƙa wa kwamfutar kamfani buƙata, ta ce a cire kaza daga wane a zuba wa wane, ita kuma ta mayar da amsa. Bambancin shi ne a gishe mutum ne zaune, in ka yi kuskure zai ɗaga kai ya tambaye ka. Kwamfuta ba ta tambaya. Abin da ka rubuta shi za ta aikata, ko ta jefo maka wata lamba ta yi shiru. Saboda haka duk abin da ma'aikacin gishe zai faɗa maka da baki, dole a rubuta shi a takardar bayani wadda mai haɗa manhaja zai karanta tun kafin ya fara aiki. Wannan takardar ita ce maganarmu a yau.

Mu ɗauki misalin da ya fi kusa da mu. A kasuwar Badagishiri ko ta Tsarnawa in aka ce maka ɗari, tamma 500 ake nufi, domin da dala muke ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Jika guda dala 200 ce, wato tamma 1000. Ka tsallaka Illelar Najeriya a ce maka ɗari, naira ɗari ce cur babu ninki. Ƴan canjin Ƙonni sun saba, kansu na juya wannan lissafi ko suna gyangyaɗi, baƙo ne kawai ke ruɗewa. To irin wannan ruɗani yana nan a tagogin manhaja, har ya fi namu haɗari. Kamfanin Stripe na Amurka ya rubuta cewa sefa kuɗi ne da ba shi da ƙananan rassa, don haka in ka rubuta 1000, jika guda ka nufa. Kamfanin Paystack na Legas kuwa da kwabo yake ƙirga, naira 1000 sai ka rubuta 100000, kuma ko a Kodebuwa inda yake aiki da sefa ya ce a ninka adadin sau ɗari. Ke nan lamba guda, 1000, a wannan taga jika ce, a waccan dala biyu ce. Babu laifi a kan ko ɗaya daga cikinsu, tunda duka biyun sun rubuta abin a sarari inda ido zai gani. Amma a ce kamfani bai rubuta ba, ko ya ɓoye shi a shafi na arba'in, yaro ya yi hasashe. Kuɗin lodin albasa na miliyan 3 sai ya koma jika 30, ko ya haura miliyan 300. Wa zai tsaya gaban alhazai a tashar Galmi ya ce musu laifin sifili biyu ne?

Kada a ɗauka raunin ƴaƴanmu ne ke jawo irin wannan. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter bayan ya yi tafiyar wata tara, saboda manhajar wani ɓangare tana ba da lissafi da ma'aunin Ingila, ɗaya ɓangaren kuma yana karɓa a matsayin ma'aunin mita. A can ma an rubuta ma'aunin da ya kamata a bi, amma ba a bi ba, ba a kuma gwada an gano ba sai da aikin gama ya gama. In manyan injiniyoyin duniya za su faɗa wannan rami, ina ga yaron da ke aiki shi kaɗai a shagon caji da kwamfutar gwanjo?

Bayan adadin kuɗi akwai lambar waya. Tamu lamba takwas ce, amma wata taga tana son a sa mata 227 a gaba, wata tana son alamar tarawa kafin 227, wata kuma ba ta son komai. A Ƙonni inda da yawa ke yawo da layi biyu, na Nijar da na Najeriya, tambayar ba ta wasa ba ce. Akwai kuma agogo: Dakar da Abijan suna bayanmu da awa guda, don haka kuɗin da ya shiga da sha biyu da rabi na dare a nan, a can jiya ne. Mai rufe littafin rana yana bukatar a gaya masa agogon wa ake bi.

Amma abin da ya fi damunmu, wanda kuma muke ganin duk takardar da ba ta amsa shi ba ba ta cika takarda ba a ƙasa irin tamu, shi ne abin da za a yi in rezo ya yanke. Manhaja ta aika umarnin biya, kafin amsa ta dawo sai layi ya ɗauke. Kuɗin ya fita ko bai fita ba? In yaro ya sa manhajar ta sake aikawa, mai yiwuwa a cire wa manomi sau biyu. In ya hana ta, mai yiwuwa mai kaya ya tafi bai samu ko tamma ba. Masana sun daɗe da samo maganin wannan: kowane umarni a ba shi lambar shaida tasa ta kansa, yadda ko sau goma aka maimaita shi kamfani zai gane guda ne ya biya sau ɗaya, sannan a tanadi hanyar tambaya, a ce umarni mai lamba kaza ina ya kwana. Ba sabon ilimi ba ne. Amma sai an rubuta ko tagar tana da shi, da yadda ake amfani da shi, da tsawon lokacin da za a jira kafin a fid da rai. Wanda ya rubuta takarda yana zaune a ofis mai sanyi inda intanet ba ta yankewa, wannan babi zai zame masa ƙarin bayani na ƙarshen littafi. Ga wanda ke aiki tsakanin Bazaga da Allela ko a ƙauyukan Tajaye, shi ne babi na farko. Haka nan lambobin kuskure. Bai isa a ce kuskure mai lamba kaza ba. A ce kuɗin mutumin ne bai kai ba, ko lambar sirri ya ɓata, ko ya wuce iyakar abin da aka yarda ya fitar a rana, ko kuwa matsalar daga kamfani take a dakata a sake. Kowanne da abin da za a faɗa wa mai kuɗi, kuma mai kuɗi yana tsaye yana kallon yaron ne, ba kamfanin ba.

Wani matashi da ya yi karatun kwamfuta a Tawa ya taɓa ba mu labari bayan mun gama wani shiri a gidan rediyo. Wata ƙungiyar mata masu adashi ce ta nemi ya haɗa mata abin da zai riƙa rubuta zubin kowa da kansa in an turo ta waya. Ya nemi takardar bayani a wurin wani kamfani da ba za mu ambata ba. Aka ce sai ya je Yamai da wasiƙa da takardun rajistar kasuwanci. Ya biya mota, tafiyar fiye da kilomita 400, ya kwana biyu a gidan dangi. Bayan makonni aka turo masa wasu shafuna da aka ɗauka hoto, ba a iya kwafar ko layi ɗaya daga ciki, misalin da ke ciki kuma bai yi aiki ba don an riga an canza tsarin. Babu wurin gwaji, sai dai ya gwada da kuɗin aljihunsa. Ya haƙura. Matan suna nan da littafinsu da biro, shi kuma yana gyaran salula. Ba mu ce kowane kamfani haka yake ba, amma duk wanda ya zauna da matasan nan ya ji makamancin wannan.

Alhali an ga yadda abin ke tafiya in an yi shi da kyau. Kamfanin Safaricom na Kenya ya fito da M-Pesa a 2007, amma sai a 2017 ya buɗe wa masu haɗa manhaja wani dandali mai suna Daraja, inda kowa zai yi rajista ya karanta bayani ya yi gwaji da kuɗin wasa kafin ya taɓa na gaske. Da Swahili kalmar na nufin gada, mu kuwa mun san abin da take nufi da Hausa, kuma duka ma'anonin biyu sun dace. Kafin nan haɗa manhaja da M-Pesa aiki ne na masu hali da masu hanya, bayan nan ya zama abin da ɗalibi ke koya a ɗakin kwanansa. A Najeriya, Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a 2015, kuma cikin abubuwan da suka ja masu manhaja gare su har da sauƙin bayaninsu. A 2020 Stripe ya saye kamfanin kan kuɗi fiye da dalar Amurka miliyan 200. Babban bankin Najeriya ma ya fitar da ƙa'idojin buɗe tagogin bankuna a 2021, ya bi su da dokokin aiki a 2023. Wato maƙwabtanmu da ke nan kusa da mu sun riga sun mai da maganar ta hukuma.

Mun san abin da shugabannin kamfanoni za su ce, kuma ba za mu yi kamar ba shi da nauyi ba. Za su ce ana cikin halin tsaro, ga ƴan damfara, ga masu safarar kuɗin haram, ba za a baje sirrin gida a kasuwa ba. Gaskiya ne ba kowa za a bai wa damar motsa kuɗin mutane ba. A binciki mutum, a ga takardunsa, a sa masa iyaka, a bi dokar kare bayanan jama'a da hukumar HAPDP ke kula da ita. Amma a rarrabe tsakanin mabuɗi da kwatancen gida. Mabuɗin shi ne lambar sirrin da kamfani ke bai wa wanda ya amince da shi, wannan a riƙe shi gam. Takardar bayani kuwa kwatance ce, tana faɗin inda ƙofa take da yadda ake sallama. Gidan da tsaronsa ya dogara ga kada a san inda ƙofarsa take, ba shi da tsaro. Ɓarawo yana da lokaci da haƙurin lalube, mai gaskiya ne ke gajiya ya tafi. Abin da ya fi muni, in aka rufe ƙofar gaba, yara kan zagaya ta baya: su sa wata waya a kusurwa tana karanta saƙonnin shigar kuɗi, ko su karɓi lambar sirrin mai shago su ajiye a manhaja. Wannan shi ne haɗarin gaske, kuma rashin bayani ne ya haife shi.

Za su kuma ce kasuwar ƙarama ce, mutanenmu sun fi son kuɗi a hannu. Idan ba mu manta ba, a farkon 2023 canjin takardun naira ya sa kuɗi sun yi ƙaranci a Najeriya, ƴan kasuwar iyaka suka koma tura kuɗi ta waya ba don suna so ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na shekarar kuma, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya sa mutane suka riƙa yin layi a bakin bankuna, ba a ɗage shi ba sai a watan Fabrairun 2024. A wannan tsakani kowa ya ga irin nauyin da gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza suka ɗauka, tare da Airtel Money da na Moov da na Zamani. Mutanen da suka koyi karɓar kuɗin tumaki ta waya cikin dole ba za a ce ba su iya ba. Abin da ya rage shi ne ƙananan manhajojin da za su haɗa wannan kuɗi da harkar kowa, kuma babu kamfanin da ke da ma'aikatan da za su zauna su rubuta wa kowace ƙungiyar manoma tata. Wasu ne za su yi masa aikin kyauta, ya ci riba a kan kowane cinikin da ya bi ta tagarsa. Ladan da suke nema kawai a ba su bayani mai kyau.

Sai maganar harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ba mu cikin masu cewa a fassara kowace kalmar kwamfuta zuwa Hausa gobe da safe. Umarnin da na'ura ke karantawa zai zauna yadda yake, kuma mai son wannan sana'a dole ya koyi Ingilishi ko ya so ko ya ƙi. Amma yawancin yaranmu da Faransanci suka yi karatu, don haka mafi ƙaranci a samu bayanin da Faransanci mai sauƙi, ba irin na wasiƙar minista ba. Inda Hausa take da aiki yanzu yanzu shi ne saƙonnin da za su isa ga mai kuɗi. In kamfani ya jera lambobin kuskurensa, me zai hana ya sa wa kowace jimla guda da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulfulde, wadda mai manhaja zai ɗauka ya nuna ko ya sa a karanta da murya? Aikin mako guda ne ga wanda ya san harshen, kuma zai hana kowane yaro ƙirƙiro tasa fassarar, wani ya ce an ƙi, wani ya ce an fasa, tsohuwa ta rasa ko kuɗinta na nan.

A kuma tuna da wanda zai buɗe shafin. In shafi ya cika da hotuna masu motsi sai ya cinye karedin yini kafin a karanta layi uku. A yi shi maras nauyi, a bari a sauke shi a karanta ko babu rezo, a sa misalin da za a kwafa ya yi aiki a karon farko, a rubuta ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe. In za a canza wani abu a sanar tun da wata biyu ko uku. Akwai ma tsarin rubuta irin wannan bayani da ake kira OpenAPI, wanda ke hannun gidauniyar Linux tun 2015, kyauta ne, babu wanda zai ce tsada ta hana shi.

Ba za mu bar matasanmu su tsira ba su ma. Sau nawa aka kawo wa asibitin ƙauye ko ma'aikatar magajin gari manhaja, wanda ya haɗa ta ya samu aiki a Yamai ko ya tafi ci-rani, aka wayi gari babu mai iya taɓa ta don bai bar ko shafi ɗaya na bayani ba? Wasu ma da gangan suke yi, wai don kada a sallame su. Mu a rediyo mun san in aka kawo sanarwar ɗaurin aure babu rana babu unguwa, komai daɗin muryar mai karantawa an yi asarar kuɗin sanarwa. Ya kamata malaman Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da na sauran makarantun fasaha su riƙa ba da maki a kan bayanin da ɗalibi ya rubuta kamar yadda suke bayarwa a kan manhajar kanta, su bai wa ɗan wani aji takardar ya gwada ba tare da mai ita yana kusa ba.

Kiranmu na farko dai ga reshen BCEAO na Yamai yake, tunda shi ke sa ido a kan bankuna da masu kuɗin salula, sai hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, da ANSI wadda aka kafa a 2017 don yaɗa fasahar zamani har ƙauyuka, da cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni irin su CIPMEN. Tsarin PI-SPI ya tanadi taga domin ƴan kasuwa da kamfanoni, amma ta hannun bankinsu ko kamfanin kuɗinsu za su shiga, don haka nan ne za a yi ta ko a ɓata ta. A sa wa duk wanda ke da izinin riƙe kuɗin jama'a sharaɗi: takardar bayaninsa ta kasance a fili, kowa ya karanta ba sai ya je Yamai ba, da filin gwaji na kuɗin wasa, da adireshin ma'aikacin da zai amsa tambaya cikin kwana biyu ko uku. Kuma kafin a ce takarda ta yi, kada a tambayi wanda ya rubuta ta. A kawo ta Tawa ko Ƙonni, a zaunar da ɗalibai biyar da ba su taɓa ganinta ba, da salular da suka saba da rezon da muke da shi, a ce kowa ya tura dala ashirin ta gwaji daga wannan asusu zuwa wancan, a yanke layin da gangan a tsakiya, a duba agogo. Duk inda uku daga cikinsu suka tsaya suna sosa kai, a ja layi a ƙarƙashin wurin a mayar wa kamfanin ya sake rubutawa.